Na Ba da Aron Sunan 'Yata

Assalamu alaikum Anti, ke da duk masu bibiyar wannan shafi, da fatan kuna lafiya. Don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Kuma ina roƙon 'yan'uwa, kafin ku fara zagina ku daure ku karanta har ƙarshe. Na san na yi laifi, babu zagin da za ku yi mini wanda ban yi wa kaina ba tun jiya. Ku yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba.

Shekaruna ashirin da uku. Ina zaune a Madina da mijina, zan kira shi Malam, ɗalibi ne a jami'a, zango ɗaya ya rage masa ya gama. 'Yarmu ɗaya, Amira, shekararta ɗaya da wata takwas. Muna haya a hawa na biyu a wani gida cikin lungunan bayan Sultana.

Tun kafin komai ya faru akwai abin da yake cin raina, kuma idan na faɗa wasu za su yi dariya, domin kwano ne. A gidanmu can ƙasar Katsina, idan maƙwabciya ta aiko da abinci ba a mayar mata da kwanonta haka nan. Ko ƙuli-ƙuli uku ne, ko ɗan gishiri, sai an saka. Ina ƙarama na taɓa wanke kwano na mayar babu komai, Innarmu ta murɗe mini kunne har sai da ya yi kwana biyu yana zafi, ta ce so nake a ce 'ya'yanta maciya ne kawai. Da wannan na taso, da shi na zo garin nan, sai Allah ya haɗa ni da matar da ƙofarta take kallon tamu.

Khala nake ce mata, haka kowa yake kiranta. Ta haura hamsin. Bahaushiya ce amma a nan aka haife ta, kakanta ne ya zo aikin Hajji a ƙafa bai koma ba, su 'yan ƙasa ne. Hausarta rabi Larabci ce. Ranar da na sauka, ban ko kwance jaka ba, ta ƙwanƙwasa da faranti babba na shinkafa da kaza. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ce amaryar? Ya Allah, ai ba ta da nama ko na miya! Ci, ya binti, kada a ce Madina ta kashe ki da yunwa." Na yi dariya, na ji kamar na ga Innarmu. Washegari na mayar da farantin da ƙullin kuka da daddawa cikin tsarabar da na zo da ita. Ta shinshina daddawar, idonta ya kawo ruwa, ta ce ƙamshin kakarta ke nan. Na koma ɗaki ina jin daɗi, ina ganin mun yi daidai.

To amma ita kullum ce. Yau sambusa, gobe shurba, jibi shinkafa, ran Juma'a nama. Kukata ta ƙare, daddawa ta ƙare, busasshiyar kuɓewa da yaji duk suka bi. Ɗan abin da ake ba Malam a makaranta, idan an cire haya da abin da yake aika wa mahaifiyarsa, da kyar yake kai mu ƙarshen wata. Na fara saka sukari a leda. Na saka albasa. Wata rana na saka ƙwai biyu, babbar 'yarta Rim, wadda take jin Hausa amma ba ta amsawa sai da Larabci, ta buɗe farantin ta faɗi wata magana ta yi dariya. Ban ji Larabcin ba, amma dariya ai ba ta buƙatar tafinta. Khala ta daka mata tsawa, ta juyo ta ce mini, "Ma'alesh, ki daina wahalar da kanki, ke 'yata ce." Wallahi wannan maganar ta fi dariyar yi mini ciwo. Daga nan farantinta sai ya kwana uku a kicin ɗina, ina wucewa ina kallonsa kamar mutum ne yake zaune yana jirana. Idan na ji motsin ƙofarta sai gabana ya faɗi. Ya za a yi mutum ya riƙa yi maka alheri kai kuma kana jin tsoron takunsa? Ni kaɗai ce haka, ko akwai mai irin zuciyata?

Na taɓa gaya wa Malam. Shi mutum ne mai shiru, kansa kullum a cikin littafi. Ya ce, "Ki rage karɓa. Ki yi godiya, ki ce kun ƙoshi." Na ce, "Malam, ka taɓa gwada cewa Khala ka ƙoshi?" Ya yi murmushi ya koma karatunsa. A wurinsa magana ta ƙare ke nan. Shi ba ya gida, ba shi yake buɗe ƙofa ba.

Sai haihuwar Amira ta zo. Malam yana cikin jarrabawa, naƙuda ta kama ni da hantsi, jini ya ɓalle mini a banɗaki. Khala ce ta ji ihuna ta bango. Ita ta kira ɗanta Faisal ya baro wurin aikinsa da mota, ita ta riƙe kaina a cinyarta har asibiti, abayarta duk ta ɓaci. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Da aka sallame ni, ba uwa ba ƙanwar uwa a kusa, ita ta yi mini wankan jego na kwana arba'in cif, tana tafasa ruwa a babbar tukunya tana jan ta da ƙafarta mai ciwo, tana dama mini kunun kanwa yadda kakarta ta koya mata. Ita take kai mu rigakafi tunda ni ba Larabci, har lambar wayarta aka rubuta a fayil ɗin Amira. Ku gaya mini, wannan da ƙwai nawa ake mayar da shi?

Ranar da na yi arba'in muka je Harami tare. Bayan La'asar muna zaune a farfajiya, na kama hannunta ina kuka na ce, "Khala, ban san da me zan saka miki ba. Wallahi tallahi, duk ranar da kike da buƙata a wurina, ko mece ce, ki faɗa, zan yi." Ta shafa kaina ta ce, "Khalas, share hawayenki. Me gare ki da zan roƙa, ƙwai biyu?" Muka yi dariya. Ni dai na yi rantsuwar, kuma a inda na yi ta kun san ba wurin wasa ba ne.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Akwai wata mata mai zuwa gidan Khala, Mariyama, 'yar Damagaram. Ta zo Umara shekarun baya ba ta koma ba, ba ta da igama, wato katin izinin zama, ba ta da wata takarda. Ita ta yi jinyar mahaifiyar Khala shekara huɗu tana kwance, ita ke juya ta, ita ke wanke mata kashi da fitsari, har tsohuwar ta rasu a hannunta. Mijin Mariyama yana aiki a gonakin dabino na Awali, aka kama shi aka mayar da shi gida tana da ciki. A ɗaki ta haihu, yarinyar ba ta da ko takardar haihuwa. Nana sunanta, wata biyu Amira ta ba ta. Suna wasa tare a tabarmar Khala, idan suka juya baya ba ka bambanta su sai ta jiki, Nana ta fi rama.

Ranar Asabar da ta wuce Malam ya tafi Makka wani karatu na mako ɗaya da malaminsu. Ranar Lahadi da safe ina wanke-wanke Khala ta shigo, ba faranti a hannunta, tun daga nan na san ba lafiya ba. Ba ta zauna ba. Ta ce Nana kwana tara ke nan tana zazzaɓi, an ba ta duk abin da ake saya a kantin magani, yanzu numfashinta ya fara sama-sama. Ta ce idan Mariyama ta kai ta da kanta za a tambayi takarda, kuma tana tsoron daga gadon asibiti sai tarhil, wato a kama ta a mayar da ita ƙasarsu. Na ce innalillahi, to ya za a yi? Ta kalli Amira da ke cin biskit a ƙasa. Sai ta ce, "Igamar Amira nake so ki ara mana. Awa biyu kawai. A duba ta, a yi mata allura, mu dawo. Yara duk kamarsu ɗaya a hoto, wa zai duba?"

Na ce, "Khala, Malam ba ya nan."

Ta ce, "Na sani. Kafin ya dawo an manta."

Na ce bari in kira shi. Ta ce, "Kira shi, habibti. Kin san abin da zai ce, ni ma na sani. Ni dai ba zan tilasta miki ba." Ba ta ambaci jinin ba, ba ta ambaci wankan jego ba, ba ta tuna mini rantsuwata ba. Gyara tsayuwa kawai ta yi a kan ƙafar nan tata mai ciwo, ta dafa bango. Ban sani ba ko da gangan ta yi, har yau ina juya abin a raina.

Anti, ga inda kunyata take, kuma sai na faɗa. Tsoro na ji, gaskiya ne, tausayin Nana ma na ji. Amma a ƙarƙashinsu akwai wani abu kamar murna. Zuciyata ta ce, yau dai ga abin da nake da shi wanda Khala ba ta da shi. Yau zan sauke. Daga yau zan iya jin motsin ƙofarta ban firgita ba. Ban kira Malam ba, ba don na manta ba, sai don kada ya hana ni sauke kayan da ke kaina. Na je na buɗe jakarsa ta takardu, wadda bai taɓa kullewa ba saboda bai taɓa zaton zan taɓa ba, na zaro katin 'yata da nawa.

Ashe ba katin kaɗai ba ne, dole uwar da ke kan takarda ta je. Muka bar Amira wurin Rim. Ni na saɓi Nana a kafaɗa, jikinta kamar garwashi, Mariyama tana biye da mu riƙe da jakar kaya kamar 'yar aiki. A wurin karɓar marasa lafiya matar ta tambayi sunan yarinya, Khala ta zungure ni, da bakina na faɗi sunan 'yata da na ubanta da na kakanta. Ko ɗaga kai ba ta yi ta kalli hoton ba.

Awa biyun da aka ce ba su yiwu ba. Likita yana saka abin awo a ƙirjinta ya canza fuska, nan take aka saka mata abin numfashi, aka ce kwanciya. Ya buɗe fayil ya duba, ya dubi yarinyar, ya juyo kaina yana faɗa. Ya daɗe yana magana, Khala ta fassara mini da kalma uku, wai "ya ce sannu." Na ce, "Khala, wannan ba sannu ba ce." Sai ta gaya mini: yana tambaya ne ya aka yi yarinyar da aka auna wata biyu da suka wuce da ƙibarta ta zube haka, wace irin uwa ce za ta zauna da ɗiya kwana tara tana wannan numfashi? Na sunkuyar da kai na sha faɗan. Mariyama tana jikin bango, tana jin Larabci sarai, ta fi ni ji, hawaye na bin niƙabinta.

Muka ce musu Mariyama yayata ce, ita za ta riƙa kwana da yarinyar saboda ni ba ni da lafiya. Ni kuma kullum da safe sai in je in nuna fuskata, in saka hannu a duk takardar da aka miƙo. Nas-nas suna kirana Ummu Amira. A jikin gadon an rubuta sunan 'yata, a hannun yarinyar an ɗaura wani farin abu da sunan 'yata. In dawo gida in tarar da mai sunan tana gudu tana ihu. Malam yana kira kullum bayan Azahar, ya ce, "Ina 'yar Abba?" in kara mata wayar a kunne ta yi masa gwaranci, ni kuma in ce lafiya lau muke.

Ranar Talata Mariyama ta kama hannuna a barandar asibiti ta danƙa mini wata leda. Dabino ne, irin wanda ake tsincewa a ƙasa a Awali, da ɗan turaren wuta a ƙulle. Ta ce, "Ƙanwata, ba yawa. Abin da kika yi mini, uwa ɗaya uba ɗaya ba ta yi." Na ce ta bar shi, ta ce, "A'a, kada ki mayar mini, zan ji kamar kin raina." Na karɓa. Na ga yadda kafaɗunta suka sauka da na karɓa, na gane wannan saukar, domin na san ta a jikina.

Jiya Laraba da hantsi, ina shiga ɗakin na ga an ja labule. Likita ya fito, ya wuce Mariyama da ke tsaye a bakin ƙofa, ya zo gabana ni. Wannan karon ban nemi tafinta ba. Wata nas ta rungume ni, wata ta kawo mini kujera da ruwa, suna shafa bayana, suna ce mini in yi haƙuri, Allah ya ba ni wata. Uwar yarinyar kuma tana tsaye ba wanda ya kalle ta. Ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije don kada kukanta ya fi nawa ƙarfi a gane. Na ga jijiyoyin wuyanta sun tashi. Aka ce uwa ta shiga ta yi bankwana, mutum ɗaya. Na ce yayata ta fara shiga ni ba zan iya ba, wannan ne kaɗai abin kirkin da na yi a satin nan. Ni kuwa kun san abin da ya fara zuwa zuciyata da likitan ya buɗe baki? Alhamdulillahi ba tawa ba ce. Ana rungume da ni ana ba ni haƙuri, ni ina godiya a ciki. Wace irin mutum ce ni?

Muna zaton za a ba mu ita a yi mata sutura a kai ta maƙabartar Baƙi'a kafin La'asar. Sai aka kira mu wani ofis. Mutumin ya ce ba a ba da gawa sai uban yarinya ya zo da kansa, da igamarsa, ya saka hannu a takardar mutuwa. Khala ta yi magiya, ta ce uban ya yi tafiya, ta ce ita ce kakar, ta ce ɗanta zai tsaya. Ya ce a'a, uba, yarinyar za ta jira a tallaja har ya dawo. Na tambayi Khala mece ce tallaja, duk da na sani. Firji.

Muka dawo gida a tasi. Muna hawa bene Khala ta biyo ni har ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ce, "Isma'i, saurare ni, ya binti. Malam zai dawo Juma'a. Ki zaunar da shi ki lallashe shi ya je ya saka hannu, a binne baiwar Allah. Maganar takardar Amira kuma daga baya za a gyara, Faisal ya san mutane."

Na ce, "Khala, ya saka hannu cewa 'yarsa ta mutu? Ga ta can tana barci?"

"A takarda ne kawai."

"A garin nan akwai abin da ba takarda ba? Da me za a sabunta mata igama? Da me za ta hau jirgi ranar da za mu koma gida? Idan ta yi zazzaɓi gobe, da sunan wa zan kai ta? Ko ni ma in je in nemi wadda zan ara?"

Sai wani abu ya faɗo mini wanda kwana huɗu ban tuna ba, ban san ya aka yi ban tuna ba. Faisal yana da 'ya mace, shekararta biyu, suna zaune a Khalidiyya, na sha goya ta. Na ce, "Khala, me ya sa ba ki ari na 'yar Faisal ba?"

Ta ce, "Faisal ma'aikacin gwamnati ne."

Shi ke nan abin da ta ce. Na tsaya ina kallon matar da ta riƙe kaina a cinyarta. Wato ta san akwai haɗari, ta auna, ta ga wanda za a iya saka wa a ciki. Ɗanta zai iya ce mata a'a, ni ce ba zan iya ba, kuma ta sani, tunda ita take buɗe farantin tana ganin ƙwai biyu. Ina jin na faɗi wani abu makamancin haka da ƙarfi, domin sai ta fashe da kuka ta zauna a ƙasa. Ban taɓa ganin kukanta irin wannan ba. Ta ce, "Kina tsammani ni ba a bina? Matar nan ta wanke uwata shekara huɗu, abin da ni da na fito daga cikinta na kasa yi sati ɗaya. Ta zo ta durƙusa mini da 'yarta a hannu, in ce mata me? Wallahi ban yi miki alheri don wannan ranar ba. Ban taɓa roƙonki komai ba sai wannan." Kuma na yarda da ita, abin da ya fi damuna ke nan. Ban yarda cewa tun farko tarko ta ɗana mini ba. Ita ma kayan da ke kanta ta so saukewa, sai ta sauke a kaina, ni kuma na sauke a kan 'yata da mijina da ba su ci shinkafar kowa da saninsu ba.

Yau da safe Mariyama ta zo. Ba ta yi kuka ba, muryarta ta dushe. Ta zauna a bakin ƙofa ta ƙi shigowa, Amira ta ruga ta faɗa jikinta tana leƙa bayanta, tana neman abokiyar wasanta. Mariyama ta riƙe ta tana shinshina kanta. Ta ce mini, "Ni ba na neman komai. In an ce in miƙa kaina zan miƙa, me ya rage mini a nan? Amma in na faɗi gaskiya da ke za a fara, ke kika sa hannu. Shi ya sa na zo ki faɗa mini yadda kike so." Ta miƙe za ta tafi, sai ta juyo ta ce, "Nana ba ta son sanyi. Ko fanka aka kunna sai ta yi ta tari." Ta sauka.

Tun jiya na kasa kiran 'yata da sunanta, "ke" nake ce mata. Idan na buɗe baki sai in ga farin abin nan a hannun waccan.

Ga inda nake. Idan Malam ya saka hannu, ya yi shaidar ƙarya da hannunsa, mutumin da shekara shida yake karatun addini, kuma 'yarmu ta zama matacciya a ƙasar da ba tamu ba, bisa alkawarin wasu mutanen Faisal da ban taɓa gani ba. Na san Malam, ba na jin zai yi. Idan kuma ya je ya faɗi gaskiya, ban san abin da hukuma za ta yi mini ba, ban san ko za a yarda cewa bai sani ba, ko karatun da ya rage masa zango ɗaya zai tafi a banza, mahaifiyarsa da ƙannensa duk shi suke jira. Mariyama za a kama ta, Khala ma ba za ta tsira ba, matar da ba don ita ba da ni da Amira muna ƙasa. Idan na yi shiru kuma, asibiti ba za su yi shiru ba, za su neme shi ta makaranta, ya ji a bakin wani cewa 'yarsa ta rasu. Duk wannan lissafin da nake yi, 'yar Musulmi tana kwance a firji kwana na biyu, a Madina, tafiyar minti kaɗan da maƙabarta.

Aurena ma ban san ko zai kai jibi ba, amma wallahi ba shi ne a gabana ba yanzu.

Malam ya kira ɗazu, ya ce gobe bayan sallar Juma'a za su taso, ya saya wa Amira ƙaramar abaya. Na ce Allah ya kawo su lafiya.

Don Allah duk wanda ya san dokar ƙasar nan, ko wani malami a cikinku, ko uwa mai hankali, ya ba ni amsa yau, ba gobe ba, zan riƙa dubawa. In kira shi yanzu in gaya masa a waya, ko in jira ya shigo? In je asibitin da kaina kafin ya iso in ce ni kaɗai na yi, ko hakan zai sa a fitar da sunansa a ciki? Akwai hanyar da za a binne yarinyar nan da sunanta na gaskiya ba tare da an kama uwarta ba? Ku zage ni daga baya, na yarda, amma ku fara gaya mini. Me zan yi?